Ƙugiya Ɗaya

Litinin

Zuwa ga 'Yar Gwangwani,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Mu nan lafiya lau. Inna dai ƙafar ce, kullum ta tashi sai ta ba mu labarinta kamar wata maƙwabciya marar kirki. Ta ce in tambaye ki ko kin manta hanyar gidan da kika girma. Na ce mata garinku ko kiran waya ba ya shiga, balle mutum ya fito. Shi ya sa na ba Direba wannan takarda, tunda duk mako yana zagaya gundumomi karɓar rahoto.

Ga dalilin rubutuna. Kin san shirin nan na haɗin gwiwa tsakanin jami'armu da gundumomi bakwai na yanki, na dashen itatuwa da tattalin ruwa da mayar da shara taki. Shekara tara ina jan sa, daga ni sai wani kabad da ba ya rufuwa. Yanzu mun yi sabon Shugaban Jami'a, mutum mai son kore. Ya sa an shafa wa ƙofar shiga koren fenti, ya kuma gano cewa shirin nan tunaninsa ne tun yana ƙarami. Ya kira babban taro ranar sha biyu ga wata, kowace gunduma ta turo mai bayani.

Da aka zo kan gundumarku, na ce akwai wata malamar gona a can, ina jin tana iya magana. Ban ce musu 'yar'uwata ba ce. Kin san mutanen nan, sai su ce na yi son kai, alhali kakanninmu ne kawai wa da ƙani. Minti goma aka ba ki, bayan farfesoshi uku, dab da abinci. Ba wanda zai saurara, saboda haka kada ki tsorata. Ki faɗi yawan dashen da kuka yi, ki gode wa jami'a, ki zauna.

Ki nemi takalmi mai kyau. In za ki ba ni amsa kuma, don Allah ki sami abin bugawa. Wasiƙarki ta bara sai da na kai wa mai sayar da magani ya karanta mini, shi ya saba da rubutun likitoci.

Taki,
Yaya

Alhamis

Zuwa ga Yayata Dakta,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Mun ji daɗin takardarki, 'yan biyu har kokawa suka yi a kan ambulan. Duk muna lafiya. A gaishe da Inna, a ce mata ta rage tsayuwa a kicin, in na zo zan matsa mata ƙafar da kaina.

Zan zo in Allah ya yarda, sai dai ban san me zan faɗa wa manya ba. Abin da muke yi nan ko suna ba shi da shi. Duk dashen da muka sa a ƙasa muna binne masa tukunyar laka a gefe, bakinta kawai a waje. Mu cika ta da ruwa sau ɗaya a mako, mu rufe da dutse. Ruwan yana tsattsafowa a hankali wajen saiwa, rana ba ta samun rabonta. Ruwan ma na ɗauraya ne, wanda a da ake watsarwa a lungu. Mata arba'in da biyu ke aikin, shida masu ginin tukwane, saura masu raino da ban ruwa. Bara mun dasa dubu da ɗari biyu, ɗari da 'yan kai suka mutu, yawanci aikin awaki ne.

Wata damuwa dai muke ciki. Shugaban Gunduma yana son filin da muke rainon dashe ya yi tashar mota. Ya ce in jami'a ta rubuto cewa wurin yana cikin shirinta zai bar mana, in ba haka ba mu kwashe kafin damina ta faɗi. Ban so in ɗora miki ba, amma tunda ƙofa ta buɗe da kanta, na ce bari in leƙa.

Kin ga na bi umarni, a tsohuwar tafiretar ofis na buga. Ba ta da haruffanmu masu ƙugiya, sai na gama nake bi da biro ina sa musu ɗaya bayan ɗaya, yadda kika koya mini a tsakar gida kina dungure mini kai.

Takalmi zan ara.

Ƙanwarki,
'Yar Gwangwani

Laraba

'Yar Gwangwani,

Ina fatan kin isa gida lafiya, takalmin ma ya koma wurin mai shi, ko da yake ban ga yadda za ta gane shi ba. Inna ta warke. Kwana biyu kika yi kina matsa mata ƙafa, kika yi abin da likita uku suka kasa. Jiya da kanta ta taka har gidan maƙwabta don ta ba su labarin taron da ba ta je ba. A bakinta, Shugaban Jami'a miƙewa ya yi tsaye yana yi miki tafi. Na ce mata gyara rigarsa ya tashi yi. Ta ce ni dama ban cika lura ba.

Ina taya ki murna. Minti goma aka ba ki, kika yi talatin da biyar, abinci ya huce, ba wanda ya motsa. Ban taɓa tunanin za ki shigo zauren taro rungume da tukunya ba. Farfesan da ya shekara ashirin yana amsa gaisuwata da gira, na gan shi a durƙushe yana leƙa cikinta kamar zai hango kakansa. Na kuma gode da kika nuna ni da yatsa kika ce duk abin da kika sani Yayarki ce ta koya miki. Mutum ɗari uku suka waiwayo suna neman wannan baiwar Allah, suka same ni tsakiyar hamma. A wajen fita Shugaba ya tare ni ya ce, "Dakta, ashe kina da irin wannan a gida, kika bar mu muna ta gayyato baƙi?" Na yi dariyar da ake yi wa shugabanni.

Ga abin da ya biyo baya. Shugaba yana son a ɗauki filinku a matsayin cibiyar koyarwa ta yanki duka, ke kuma a naɗa ki mai kula da ayyukan fili na gundumomi bakwai. Har ofis ya zaɓa miki, na ƙarshen baranda, mai taga da ke kallon lambu. Wataƙila na taɓa ba ki labarinsa, shekara huɗu ke nan ina rubuta takardar neman sa. Amma jami'a ba ta sa sunanta a kan abu sai da rahoton kwamitin ƙwararru, kwamitin kuwa ni ce, ni da mutum biyu da ke sa hannu duk inda na nuna musu. An ba ni zuwa Juma'ar ƙarshen watan gobe. Shugaban Gundumarku ya yarda ya jira har ranar, ba ya ƙara ko yini.

Abu ɗaya ya rage. Da aka fita dashen tunawa a babban titin jami'a, inda itatuwana ɗari shida suke tsaye kamar masu jiran sakamakon asibiti, na ga kin ware daga mutane. Kin durƙusa a gindin ɗaya, kin tona da cokalin shayin da kika fito da shi daga zaure, kin damƙi ƙasar, kin kalle ni, kin mayar kin rufe. Digirina na uku a kan danshin ƙasa na yi shi. Itatuwan nan kuma tanka ke ba su ruwa kowace safiya, ina da takardar da ake sa hannu. Duk da haka, tunda yanzu ke ake tambaya, bari ni ma in bi layi. Me kika ga yana damunmu a nan? Gaskiya nake so, ba irin ta zauren taro ba.

Taki,
Yaya

Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Inna. Na iso lafiya, sai dai na tarar da ɗaya daga cikin 'yan biyu da zazzaɓi, amma ya sauka. Mai takalmi ta ce in riƙe abina, wai ya riga ya saba da ƙafata.

Maganar aiki da ofis ta fi ƙarfina, ko maigida ban gaya wa ba tukuna. Matan dai na ce musu takardar fili tana hannun Yayata, suka ce to ai an gama. Jiya ma'aikatan Shugaban Gunduma sun zo da igiyar awo. Babbar mai ginin tukwane ta ɗebo musu ruwa suka sha, ta ce su auna a hankali kada su gaji, tunda motsa jiki kawai suka zo yi.

Kin ce in faɗi gaskiya. Yaya, abin da ke damunki a can kishi ne, ba wani abu ba. Kuma ba yau ya fara ba, ya daɗe. Daga sama ba mai ganewa, ko'ina a share, an yayyafa ruwa, ana murmushi ana ɗaukar hoto. Amma da an tona kamu ɗaya sai a tarar ciki ya bushe ƙamas. Irin wannan ba ya fitowa fili sai ya gama da saiwa. Tun ranar taro na gane, na yi shiru saboda mutane, ban so a ji a bakina ba. Ba laifinki ba ne ke kaɗai, wurin ne haka, duk abin da aka dasa a cikinsa sai ya kamu. Yana da magani, in kin yarda in zo mu durƙusa a kai tare.

Ki yafe mini in na wuce gona da iri.

Ƙanwarki

Talata

'Yar Gwangwani,

Mun gode Allah da zazzaɓi ya sauka. Muna lafiya. Inna tana gaishe ki, kamar kullum, kafin ta gaishe ni.

Na karanta takardarki sau uku, na farko a tsaye. Na tambaye ki abin da ke damun itatuwa, kika aiko mini da sakamakon gwajin jinina. Ban san makarantar aikin gona tana koyar da duban zuciya ba, da na sani da can na je.

Kishi. Da wa? Da yarinyar da aka kawo gidanmu tana shekara bakwai da kayanta a buhu, wadda na koya wa riƙe fensir, na cike wa takardar shiga makaranta da hannuna? Na zauna in jera miki dalilai goma da suka sa abin ba zai yiwu ba. Biyu na samu, na biyun ma bai tsaya da ƙafarsa ba.

To, an ji. Tunda kin tona, ki ga sauran. Ranar da na kawo sakamakon da na zo ta ɗaya a makarantarmu duka, na shigo na tarar da Inna a jikin katanga tana nuna wa baƙi gwangwanayen madarar da kika jera kina shuka a ciki. Na miƙa mata takarda, ta ce in ajiye a ɗaki kada ta jiƙe. Tumatir ɗaya ne kika samu a shekarar, tsutsa ta ci rabinsa. Ina da shekara arba'in da shida, ina iya zana miki tumatirin nan yanzu.

Shekara tara na rubuta takardu da ba su ƙirguwa, na zauna taron da kujerunsa suka san ni, na bi ofisoshi ina roƙon tankar ruwa kamar mai neman aure. Na koyi faɗin "ɗorewar muhalli" da murya uku, ta masu ba da tallafi, ta 'yan jarida, da ta Shugaba. Ke kika zo da tukunya. Ranar da ake miki tafi na tafa, kin gani. Na ma ƙirga, sau goma sha ɗaya, na daina kafin na kusa da ni ya daina.

Na rubuta rahoton. Shafi huɗu ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ce dabarar tana da ban sha'awa. Na ce ba a auna ta da ma'aunin kimiyya ba, kuma gaskiya ne. Na ce ana buƙatar ƙarin bincike na shekara biyu kafin jami'a ta sa sunanta. Ba ki san yarenmu ba, bari in fassara miki: a jami'a ba ma kashe abu, ƙarin bincike muke nema masa. Na sa hannu, mutanena biyu sun sa nasu ba su karanta ba. Yana cikin kabad ɗin da ba ya rufuwa, duk na shigo sai ya leƙo ni. Ban miƙa ba, ban kuma yaga ba.

Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani. Wannan ladabin dai kin koya mini shi a takardarki. Ba sai kin zo mun durƙusa ba, gwiwata ba ta saba ba.

Yaya

Litinin

Yaya,

Ki yi haƙuri da rubutun hannu, ba na jin zan sake taɓa tafiretar nan. Muna lafiya. Takardarki sai yau da safe ta iso. Direba ya ce motar ta kwana goma sha tara a gareji, wasiƙar tana aljihun ƙofa. Duk kwanakin nan ina ɗauka aiki ne ya sa kika yi shiru. A bakin rijiya na karanta ta, sai na kife bokiti na zauna.

ƘISHI, Yaya. Da ƙugiya. Ga shi na rubuta da manyan baƙaƙe, ko mai sayar da magani ba sai kin nema ba. Ƙishin ruwa. Shi ke kashe itatuwanki. Mai tanka yana wucewa yana watsa ruwa bai ko tsaya ba, ya jiƙa sama kamar yatsa biyu, rana ta shanye kafin ta take. A ƙarƙashi kuma cokalina ya ci karo da fasasshen bulo. Ina jin da aka gina ɗakunan karatu a wurin aka zube baraguzai aka rufe da ƙasa. Abin da na gani ke nan. Ki ɗauko waccan takardar ki sake karantawa da ƙugiya, za ki ga zancen saiwa nake yi daga farko har ƙarshe.

Sauran abin da kika rubuta na karanta, ba yadda zan yi in mayar da shi cikin ambulan. Na tuna tumatirin. Abin da ba ki sani ba, da baƙi suka tafi Inna ta aike ni sayo gilashin da aka sa sakamakonki a ciki, ta ce in wanke hannu kafin in taɓa takardar. Ni baƙuwa ce a gidan, ana yabon gwangwanina ne don in daina kukan gida. Ke kuwa ta san ba inda za ki.

Rahoto naki ne, ba zan koya miki aikinki ba. An kafa turaku a gabashin filin. Matan sun daina zolayar masu awo. Babbar mai ginin tukwane ta tambaye ni ko ta ci gaba da kwaɓa laka, na ce ta ci gaba, ban san me ya sa na ce haka ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin Juma'a ki ɗauki fartanya da hannunki, ba ɗalibi ba, ba mai shara ba, ki tona gindin itace ɗaya. In kin tarar da danshi, ki miƙa abin da kika rubuta, ba za ki ji komai daga bakina ba. Na ba Direba tukwane biyu, na naɗe su a tsumma. Ya yi alkawarin kwana a garinku yau, ba a gareji ba.

Ƙanwarki har gobe

Asabar

'Yar Gwangwani,

Lafiyarmu ƙalau, in ban da gwiwata. Inna ta ga ina ɗingishi ta ba ni man da kika bar mata, ta ce in yi a hankali kada in ƙarar.

Na tona. Laraba da safe, a babban titi, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni da muryar da ake gaida wanda ya samu taɓuwa. Mai tanka ya taka birki, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya leƙo ya ce, "Dakta, wani abu ne ya faɗi?" Na ce eh, shekara tara. Yatsa biyu danshi, kamar yadda kika ce. Daga nan gari. A ƙasan garin na ciro rabin bulo, guntun rodi, da silifa ƙafar hagu. Na ce wataƙila na dace da mummunan wuri, na tona na biyu. Sai da na tona goma sha ɗaya, saboda ni mai bincike ce, ba na yarda da wulaƙanci sai an maimaita shi. Ina da na'urar auna danshi mai tsada, tsininta yatsa biyu ne daidai. Shekara tara tana gaya mini abin da nake son ji.

Na sake rahoton. Na rubuta cewa itatuwan jami'a ɗari shida suna mutuwa a hannun mai digiri uku, na gunduma kusan dubu da ɗari suna raye a hannun mata arba'in da biyu da tukwanensu. Shugaba ya karanta, ya ji daɗin rabi na biyu. A kan rabin farko ya cire tabarau ya tambaye ni ko ba za a iya cewa ana buƙatar ƙarin bincike ba. Na ce masa an gama binciken ranar Laraba, na nuna masa tafin hannuna. Ya sa hannu jiya kafin a tashi. Takardar Shugaban Gundumarku tana cikin wannan ambulan, ki kai masa da kanki. Ta naɗinki tana biye, sai ta gama zagaya tebura. Tsohon rahoton na sa shi a ramin takin da muke nuna wa baƙi, karo na farko da wata takarda tawa za ta ciyar da itace.

Shugaba yana tambaya game da ofis mai taga. Na ce masa ke mutuniyar fili ce, da wuya ki zauna wuri ɗaya, amma zan tambaye ki don cika ƙa'ida.

Na kuma bi shawararki, na ɗauko waccan takardar na sake karantawa. Da ƙugiya komai ya zauna daidai, zancen saiwa ne. Sai dai kin san halina, in na fara ƙirga ba na tsayawa. Haruffa goma sha biyar ne a takardar suke buƙatar ƙugiya. Goma sha huɗu sun samu, da shuɗin biro, tsaf, har da na "ƙamas" da na "durƙusa" waɗanda suka zo a baya. Ɗaya ne kawai aka tsallake. Ban ce komai ba. Na dai ƙirga.

Taki,
Yaya

Talata

Yayata Dakta,

Ina gaishe ki, ina yi wa gwiwa sannu. Muna lafiya, takarda ta iso. Shugaban Gunduma ya karanta sau biyu, ya ce dama shi mai son itatuwa ne tun yana ƙarami. An cire turaku, babbar mai ginin tukwane ta karɓe su za ta tokare dashe da su. Matan sun ce in gaya miki dama sun sani. Ban gyara musu ba.

Biron bai ƙare ba. Ƙishi na buga, ƙishi nake nufi, Allah ya sani. Amma da na zo bi da biro na iso kan kalmar, na ɗora bakinsa a kan harafin, sai na tuna fuskarki lokacin da ake tafi. Na tuna kin ce ba wanda zai saurare ni, na tuna takalmi. Na ɗan jima a haka, sai na ɗaga biron na wuce. Na ce in babu komai, Yaya za ta sa ƙugiyar da kanta, ai ita ta koya mini. Ban zaci abin zai kai kabad ba. Da na ce miki na ɗauka aiki ne ya sa kika yi shiru, wannan ma ban cika gaskiya ba. Kwana goma sha tara ina kallon filin mata arba'in da biyu, ina tuna na ɗora shi a kan bakin biro. Ki yafe mini, ni ma na yafe shafi huɗun.

Tukwane ɗari biyu na farko na itatuwanki suna wuta, sauran sai laka ta samu. A fara cire bulon kafin a binne su, a cika sau ɗaya a mako, kuma ki ce wa mai tanka tunda ya gano inda birki yake, ya riƙa amfani da shi.

Game da ofis mai taga kuma, tunda kin tambaya don cika ƙa'ida: ina so.

Ƙanwarki,
'Yar Gwangwani